Tulun ruwa a gaban mota: lissafin da mai sayarwa ba ya yi maka

Kawuna ya fi shekara ashirin yana jan tasi tsakanin Makka da Jidda, wani lokaci har Madina, kuma kuɗin mai daga aljihunsa yake fita. Ran nan bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi a Shara Mansur ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini wannan." Bidiyo ne na wani bakanike a sana'iyya, wato unguwar garejoji, ya buɗe gaban mota yana nuna wani ɗan tulu da aka ɗaure kusa da batir, ruwan ciki yana tafarfasa, ga siririn tiyo ya fito daga kansa ya shige bututun da inji ke shaƙar iska. Mutumin yana rantsuwa cewa duk wanda ya ɗaura wannan abu, man da yake sha zai ragu da kashi talatin zuwa arba'in cikin ɗari. Ya kuma ce lita ɗaya ta ruwa sai ta yi maka dubban kilomita.

Na ce, "Kawu, ka biya?" Ya ce tukuna, amma abokan aikinsa biyu sun ɗaura, kuma ɗaya daga cikinsu liman ne a zawiyarsu, ba ya ƙarya. Na yarda ba ya ƙarya. Abin da nake so in warware a nan shi ne yadda mai gaskiya zai ɗaura wannan tulu, ya rantse yana aiki, alhali ba ya tsinana wa tankinsa komai.

Dalilin da ya sa maganar ta samu kasuwa a ƙasar da ke kwance kan mai ba ɓoyayye ba ne. Har zuwa ƙarshen 2015, litar banzin, wato fetur, mai lamba 91 da ake kira kore, halala 45 ce (halala ɗari ke yin riyal ɗaya), jan kuma na 95 halala 60. A watan Disambar shekarar aka ɗaga su zuwa halala 75 da 90. Janairun 2018 koren ya koma riyal 1.37, jan ya koma 2.04. Daga Yulin 2021 aka tsayar da su a riyal 2.18 da 2.33. Tanki mai cin lita 60 da Kawu ke cikawa da riyal 27 a da, yanzu sai ya ajiye riyal 130 da 'yan kai. Wanda ya zo daga Kano zai ce ai har yanzu da sauƙi, amma shi direban nan da farashin da ya saba yake aunawa.

Ita na'urar ba wani abin al'ajabi ba ce. Faranti-faranti ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, a jere cikin ruwa, an haɗa su da wutar mota. Tataccen ruwa ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai, don haka ake zuba masa sinadari mai kaifi, galibi irin sodar da ake dafa sabulu da ita ko 'yar'uwarta ta fotash. Da wuta ta ratsa, sai ruwan ya rabu gida biyu, iskar haidurojin da iskar oksijin, kashi biyu na farkon, kashi ɗaya na biyun. Su ne kumfar da ake gani tana tashi. Masu talla suna kiran wannan gauraye HHO, wasu su ce gas ɗin Brown, da sunan wani Yull Brown da ya yi rajistar irin na'urar a Ostareliya cikin shekarun 1970. Raba ruwa da lantarki kuwa tun 1800 aka san shi, lokacin da William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi a Ingila, kuma a shekarun 1830 Michael Faraday ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin iskar da kowace amfiya za ta iya bayarwa. Ke nan kumfar gaskiya ce. Idan aka tara ta a kumfar sabulu aka kanga mata ashana, za ta fashe da ƙara, kuma da wannan wasan ne ake sace zuciyar mai saye.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne ruwa toka ne. Idan haidurojin ya ƙone da oksijin, zafi ya fita, abin da ya rage shi ne ruwa, kamar yadda gawayi ke ƙonewa ya bar toka a murhu. Ƙarfin da ke ciki ya riga ya tafi. Kana iya mayar da ruwa haidurojin, amma sai ka biya duk ƙarfin da ya fita lokacin ƙonewar, ba ragin ko ƙwayar zarra, sannan ka biya ladan asarar da za a yi a hanya. Raba lita ɗaya ta ruwa yana cin lantarkin da ya haura kilowat huɗu na tsawon awa guda, ko da na'urarka ba ta ɓarnatar da komai, kuma babu na'urar da ba ta ɓarnatarwa.

Kawu ya ce, "To ai wutar ta banza ce, ɗana. Dinamo yana juyawa ko da tulu ko babu." Nan ne mafi yawan direbobi ke tuntuɓe. Dinamo yana juyawa, haka ne, amma nauyin juya shi yana ƙaruwa daidai da wutar da ake ja daga gare shi. Kowane direba ya san wannan ba tare da ya lura ya sani ba: mota na tsaye inji na aiki, ka kunna manyan fitilu da fankar mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, za ka ji muryar inji ta sauya, kwamfutar mota ta ƙara mai don kada ya mutu. Fanbel ne ke ɗaure dinamo da inji, inji kuma mai yake sha.

Na ce masa ya ɗauka riyal ɗari ce a hannunsa ya kai wa ɗan canji ya mayar masa naira, ya ɗauki nairar ya kai wa wani ya mayar sefa, sefar ta koma dala, dalar ta dawo riyal. Kowane ɗan canji sai ya ciri nasa. Haka abin yake a nan, sai dai 'yan canjin cikin mota ba su da imani. Injin banzin yana mayar da kamar kashi 25 zuwa 35 ne kawai na ƙarfin mai ya zama juyi, sauran ya tafi a zafi. Dinamo ya karɓi juyin ya mayar da kamar rabi ko fiye da rabi kaɗan ya zama lantarki. Tulun ya karɓi lantarkin ya mayar da kamar rabi da wani abu ya zama gas, sauran ya dafa ruwa. Idan ka bi lissafin, cikin riyal ɗari na man da aka ƙona don ciyar da tulun, abin da ya dawo bakin inji a matsayin gas bai wuce na riyal goma ba. Shi ma inji zai sake cire nasa a kai.

Masu wayo daga cikin masu sayarwa sun san wannan hujja, saboda haka sun sauya baki. Sukan ce su ba su ce gas ɗin ne ke jan mota ba, taimaka wa banzin yake ya ƙone tas. Wannan magana ta fi ta farko ƙwari, kuma ita ce ta cancanci a zauna a kanta da alƙalami.

Matsakaicin tulu yana jan kamar amfiya 15 a kan bolt 14, wato wat 200 da ɗoriya, kwatankwacin ƙwan babbar fitilar mota guda huɗu. Bisa ƙa'idar Faraday, idan an jera faranti yadda ya kamata, hakan zai ba da kusan lita ɗaya ta gas a minti. Lita ɗaya a minti ta yi kama da abin kirki har sai ka tambayi iskar da inji ke shaƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shan lita 8 a wannan awar. Lita 8 kusan kilo 6 ke nan, kuma kowane kilo na banzin yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone daidai. Idan ka buga, injin yana haɗiyar iska sama da lita dubu ɗaya a kowane minti. Gas ɗin tulun bai kai ɗaya cikin dubu na abin da ke shiga ba. A nauyi kuwa, haidurojin ɗin da aka samar a awa guda bai cika giram huɗu ba, a gefen banzin giram dubu shida.

Sai kuma maganar da suke alfahari da ita, cewa lita ɗaya ta ruwa tana yin dubban kilomita. Gaskiya suka faɗa, kuma ita ce ta tona musu asiri. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da haidurojin giram 111. In an raba ta duka za ta ba da gas sama da lita 1,800, adadin da suke son rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Amma ƙarfin da ke cikin giram 111 na haidurojin bai kai na rabin litar banzin ba, wato na ƙasa da riyal ɗaya a mahaɗɗa, gidan mai ke nan. Tulun da ke ba da lita ɗaya ta gas a minti zai ɗauki kamar awa 30 kafin ya cinye litar ruwan. A awa 30 ɗin nan motar ta yi kilomita 3,000, ta sha banzin lita 240. To a ce abin da bai kai darajar rabin lita ba shi ne zai tsare maka lita 70 ko 90 cikin 240? Tusa ba ta hura wuta.

Akwai wata takarda da masu tallar nan ke yawan ɗagawa, ta hukumar NASA ta Amurka. Ba ƙirƙirar ta suka yi ba. A 1977 wani injiniya mai suna John Cassidy ya yi gwaji a cibiyar Lewis da injin Cadillac ƙirar 1969, ya nuna cewa ƙara haidurojin yana sa wuta ta bazu da sauri cikin silinda, har inji ya iya aiki da mai kaɗan cikin iska mai yawa ba tare da ya yi tari ba. Abin da ba sa karanta maka shi ne yawan haidurojin ɗin da ya zuba, fiye da rabin kilo a awa, ninkin na tulun sana'iyya sama da sau ɗari. Kuma ba daga dinamo ya samo shi ba. Idan ka ce da dinamo za ka samar da rabin kilo a awa, lantarkin da kake buƙata ya haura kilowat ashirin, alhali dinamon ƙaramar mota iyakarsa ɗaya da rabi ko biyu.

Tushen da'awar ma, cewa inji yana zubar da mai mai yawa bai ƙone ba, ba haka yake ba a motar zamani. Lafiyayyen inji mai allurar mai da kwamfuta yana ƙona sama da kashi 95 cikin ɗari na abin da aka fesa masa. Asarar tana faruwa ne bayan an ƙone: kusan sulusi ya fice ta salansa a matsayin zafi, kusan wani sulusin ya tafi ta lagireto. Ko da mala'ika ne ya zo ya ƙone ragowar tas, ba za ka samu kashi talatin a wurin da biyu ko uku suka rage ba.

To shi liman fa, me ya gani? Ina jin abubuwa da dama ne suka haɗu. Ranar da ake ɗaura tulun, mai warsha yakan canza fulogi, ya wanke matatar iska, wani lokaci ya duba taya, kuma waɗannan suna da tasiri a motar da aka daɗe ba a kula da ita ba. Sannan mutumin da ya fitar da ɗaruruwan riyal yana so ya ga sakamako, sai ƙafarsa ta yi sanyi a kan totur ba tare da ya sani ba, idonsa na kan allurar mai. Ga yanayi: wanda ya ɗaura a ƙarshen zafi, lokacin da mukayyif ke aiki ba dare ba rana, ya auna a watan Disamba, dole ya ga bambanci. Ga cunkoson Ramadan da na aikin Hajji, inda mota ke awa guda tsakanin Aziziyya da Harami, a kwatanta da tsakiyar Safar da hanya ke fayau. Awon kansa ma yawanci da ido ake yi, ko da inda bututun mahaɗɗa ya yanke, wanda ke bambanta daga famfo zuwa famfo. Asarar da tulun ke jawowa kuma ƙarama ce, kamar lita ɗaya da wani abu a tuƙin awa goma, riyal biyu zuwa uku a yini. Tana ɓacewa cikin waɗancan sauye-sauye, shi ya sa ba wanda ke kama ta.

Akwai kuma dabarar da ta fi damuna. Wasu suna haɗa wa tulun wani ɗan akwatin lantarki da ake maƙalawa a wayar na'urar da ke auna oksijin a salansa. Aikinsa ya yi wa kwamfutar mota ƙarya cewa mai ya yi yawa, sai ta rage. Wannan kam zai iya rage shan mai kaɗan, ko an zuba ruwa a tulun ko an bar shi a bushe. Kuɗin da aka tsira da shi kuwa bashi ne a kan inji, domin mai kaɗan cikin iska mai yawa yana ƙara zafin ƙonewa, ya sa inji ƙwanƙwasa, ya gasa bawul da kan fistin, ya ƙara hayaƙi mai guba. A garin da zafi ke haura digiri 45, ga hawan dutsen Hada in za ka Ɗa'if, ba wasan da zan so a yi da injin da ke ciyar da gida ba ne. Fitilar gargaɗin inji ma takan kama, ga fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, na jiran mutum.

Shi tulun ma ba ya son zafinmu. Ruwan na ɗumama yana ƙara jan wuta, jan wutar na ƙara dafa shi, har ya koma tururi ne ke tafiya ta tiyo, ɗauke da ɓurɓushin soda. Soda kuwa tana cin alminiyam, kuma da shi ake ƙera kan silinda da bututun shaƙar iska a yawancin motocin yau. Wanda ya yi ƙoƙarin sauƙaƙawa ya zuba gishirin girki, iskar kulorin zai samar. Haidurojin yana kamawa da wuta ko da kashi 4 cikin ɗari ne a iska, wannan kuma an riga an gauraya shi da oksijin ɗinsa, tartsatsi kawai yake jira. Idan aka yi kuskuren haɗa wayar yadda tulun zai ci gaba da aiki bayan an kashe inji, gas ɗin taruwa zai yi. Motar da ke cikin garanti kuma, wakilin kamfanin motar na ganin an taɓa wayoyinta ya samu hujjar zare hannunsa.

Labarin ya girmi bidiyon WhatsApp nesa ba kusa ba, kuma yakan farfaɗo duk lokacin da mai ya yi tsada, kamar 2008 da ganga ta kai dala 147. Wanda aka fi ambata shi ne Stanley Meyer na jihar Ohayo, da ya ce motarsa za ta ratsa Amurka daga gaɓar yamma zuwa ta gabas da ruwa galan 22. A 1996 mutum biyu da suka zuba kuɗi suka kai shi kotu, masana suka duba na'urar suka ce raba ruwa ne irin wanda kowa ya sani, kotu ta same shi da zamba ta ce ya mayar musu da dala 25,000. Ya mutu a 1998 a wani gidan abinci, likitan da ya binciki gawar ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, amma har gobe mabiyansa na cewa kamfanonin mai ne suka sa masa guba. A Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru yana irin wannan da'awa kafin kotu ta same shi da damfara a 2008 yana da shekara 82. A Pakistan a 2012, Agha Waqar Ahmad ya ja har ministoci suka yaba masa a talabijin, masana irin su Pervez Hoodbhoy suna ta faɗakarwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori sama da ɗari da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi abin a zo a gani ba.

Kawu ya ce ai dama manya ba za su bari talaka ya huta ba. Na ce to mu duba manyan namu na nan. A Oksagon da ke yankin NEOM, sabon yankin da Saudiyya ke ginawa, kamfanonin ACWA Power da Air Products da NEOM suna gina masana'antar raba ruwa da kuɗinta ya kai dala biliyan 8.4, da wutar rana da ta iska kusan gigawat huɗu, don su samar da haidurojin tan 600 a yini. Aiki ɗaya suke yi da tulun sana'iyya, kuma duk wannan dukiya an kashe ta ne saboda lantarkin da aikin ke ci. Tun 2019 Aramco da Air Products suka buɗe tashar cika mota da haidurojin a Zahran, suna gwada Toyota Mirai, motar da ke ɗaukar haidurojin kamar kilo biyar a matse cikin tankuna masu kauri, ruwa kuma ta salansarta yake fita. Kamfanonin Toyota da Hyundai da ke kashe maƙudan kuɗi don rage shan mai da kashi ɗaya ko biyu, da tulun roba zai ba su talatin, da tuni yana cikin kowace Camry tun daga masana'anta.

Kada a rikita wannan da fesa ruwa cikin inji, wanda shi fasaha ce ta gaske. An yi amfani da ita a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, BMW ma ta sa ta a M4 GTS. Can ruwan sanyaya iska yake yi don inji mai tabo (turbo) ya jure matsi, ba wanda ya ce ƙonewa yake.

Na ba Kawu shawarar gwajin da ba ya cin ko halala. Motar liman tana nan da tulunta. A samu wani ya riƙa cire fiyus ɗin tulun ko ya mayar, ba tare da direban ya san wane mako ne yake aiki ba. A riƙa cika tanki a famfo ɗaya, a rubuta lita da kilomita, a yi haka tanki biyar ko shida kowane ɓangare, a hanya ɗaya, sannan a raba. Ya ce zai yi masa maganar, ko da yake yana jin nauyin mutumin.

Da muka tashi sai ya tambaye ni abin da zai yi in ba tulun ba. Na ce ya riƙa auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, ya sauke tarkacen da ke but, ya daina barin inji na aiki yana jiran fasinja a bakin otal. Babba a cikinsu kuma gudu ne. Tun 2018 aka halatta 140 a hanyar Madina, amma turjiyar iska a 140 ta fi ta 110 da kamar kashi sittin cikin ɗari, kuma a babbar hanya ita ce ke cin mafi yawan mai. Ya tambayi minti nawa zai ƙara masa in ya sauko 110. Na buga a waya na ce kamar hamsin. Ya yi shiru yana juya makulli a hannu, sannan ya ce, "Minti hamsin ai fasinjan Jidda ne guda, ɗana. Bari dai in fara da tayar."